LALLAUSAN GARI MAI SAURIN FUSHI: YADDA AKE GWADA ƘANANAN ƘWAYOYIN ABUBUWAN FASHEWA

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safiyar ranar 21 ga watan Satumba na shekarar 1921, wani rumbun takin zamani ya fashe a masana'antar kamfanin BASF da ke garin Oppau, a gefen kogin Rayin cikin ƙasar Jamus. Mutane fiye da 500 suka rasa rayukansu, kusan 2,000 suka jikkata, mafi yawan gidajen garin suka rushe, inda rumbun yake kuma ya zama wani makeken rami mai zurfin kusan mita 20.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne babu wani sabon abu da ma'aikatan suka yi a wannan safiya. Takin, wanda gauraye ne na gishirin amoniyam naitiret da na amoniyam salfet, yakan sha laima ya dunƙule kamar dutse, har diga ta gaza fasa shi. Saboda haka sai a riƙa huda shi ana sa 'yar nakiya kaɗan domin ta farfasa shi. An yi haka kimanin sau 20,000 ba tare da wata matsala ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi tun farko sun nuna cewa wannan gauraye ba ya fashewa. Sabo, in ji Hausawa, turken wawa ne. Bincike ya nuna cewa a farkon wannan shekara an sauya hanyar busar da takin, aka koma fesa shi cikin iska. Sabon takin sai ya fito da laushi, da bushewa, da ƙananan ramuka a jikin ƙwayoyinsa. Lallausan ɓangarensa kuwa, wanda ya fi ɗauke da amoniyam naitiret, ya riƙa tashi kamar ƙura yana taruwa wuri guda. Sunan takin bai canja ba, lissafin sinadaransa a takarda bai canja ba, amma girman ƙwayoyinsa ya canja, kuma ba a sake gwada shi yadda ya kamata ba.

A yau masana kimiyya na sarrafa ƙwayoyin abubuwan fashewa da suka fi na Oppau ƙanƙanta sau dubbai, domin amfanin aikin haƙar ma'adinai, da harba rokokin sararin samaniya, da na'urorin kare rai a cikin mota, da kuma makaman soja. Tambayar da ta kashe mutanen Oppau ita ce dai ake yi wa kowane sabon gari kafin ya fita daga ɗakin gwaji: me zai iya tayar da shi ba da niyya ba?

Abin da ƙanƙanta ke jawowa

Duk wadda ta taɓa hura wuta ta san gungume ba ya kamawa da ashana ɗaya, amma ƙirare na kamawa nan take, alhali duk itace ne. Dalili shi ne wuta daga jikin abu take ci, wato daga fuskarsa da ke waje, kuma gwargwadon yadda aka daddatsa abu, gwargwadon yawan fuskokin da ya samu.

Lissafin na da ban mamaki. A ɗauki ɗan dunƙule mai kusurwoyi kamar na sukarin kwali, wanda kowane gefensa santimita 1 ne. Faɗin fuskokinsa shida in an haɗa murabba'in santimita 6 ne kacal. Idan aka yanyanka shi zuwa ƙwayoyi masu girman maikiromita 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, faɗin fuskokin zai kai murabba'in mita 6. Idan aka ƙara niƙa shi zuwa nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na maikiromita, zai kai murabba'in mita 60, kamar daɓen ɗakuna huɗu ko biyar. Nauyin bai ƙaru da komai ba. Domin kwatance, kaurin silin gashin mutum yakan kama daga maikiromita 50 zuwa 100.

Wannan ne ya sa abin da ba a san shi da fashewa ba yakan fashe idan ya zama ƙura ya bazu cikin iska. A shekarar 1878 ƙurar garin alkama ta tarwatsa babbar ma'aikatar niƙa ta Washburn a birnin Miniyapolis na Amurka, mutum 18 suka mutu. A 2008 ƙurar sukari ta kashe mutum 14 a wata matatar sukari a jihar Jojiya. A 2014 kuma ƙurar alminiyam ta halaka mutum 146 a wata ma'aikatar goge ƙarafan mota a birnin Kunshan na ƙasar Sin. Masu haɗa albarushi ma sun daɗe da sanin wannan tun kafin a san dalilinsa: lallausan albarushi shi ake zubawa a kunnen bindiga don ya yi saurin kamawa, ɓarzajje kuwa shi ake ɗura wa igwa don ya ci a hankali kada ya fasa ta.

Sai dai gari da sukari suna bukatar iskar oksijin daga waje kafin su ƙone. Abin fashewa na ainihi yana ɗauke da tasa oksijin a cikin jikinsa, don haka ko an toshe shi daga iska, da zarar ya soma babu mai tsayar da shi.

Ƙarfi dabam, saurin tunzura dabam

Mutane da yawa na zaton abin da ya fi ƙarfin fashewa shi ya fi saurin tashi. Ba haka abin yake ba. Ƙarfi shi ne yawan ɓarnar da abu zai yi idan ya fashe. Saurin tunzura kuwa shi ne ƙanƙantar tsokanar da za ta sa ya fashe, ko ta bugu, ko ta guga, ko ta tartsatsi, ko ta zafi. TNT na da ƙarfi ƙwarai, amma ana narkar da shi a kimanin digiri 80 na ma'aunin Salsiyas a zuba shi cikin mazubi kamar kakin zuma. Akwai kuma wasu sinadarai da ƙarfinsu bai kai nasa ba, amma ɗan karce ya isa ya tayar da su.

Tarihin wannan fanni ya fara ne da jini. Ascanio Sobrero ya gano naitirogilisarin a birnin Turin na Italiya a 1847, ya kuma tsorata da shi har ya gargaɗi mutane su guje shi. A watan Satumba na 1864 wannan ruwa ya fashe a ma'aikatar iyalin Nobel da ke Istokholm, ya kashe mutum biyar, ciki har da Emil, ƙanen Alfred Nobel. Abin da Alfred ya yi wa rajista a 1867 da sunan dainamait shi ne dai wannan ruwa, an shayar da shi ga wata irin ƙasa mai tsotsa. Ƙarfinsa ya ɗan ragu, amma ya zama abin da za a iya ɗauka a kai bakin dutse ba tare da an yi sallama da iyali ba.

Ɗigon zafi

Ta yaya bugun guduma ke tayar da abin fashewa, alhali in da za a raba ƙarfin bugun daidai cikin dukkan garin, ɗumin da zai samu bai kai ya kunna shi ba? Amsar ta fito daga Jami'ar Kambirij a Ingila, inda F. P. Bowden da A. D. Yoffe suka tattara bincikensu cikin wani littafi a 1952. Sun nuna cewa ƙarfin bugun ba ya rarrabuwa daidai. Yakan taru ne a wasu 'yan ƙananan wurare masu girman kashi ɗaya cikin goma na maikiromita zuwa maikiromita 10, waɗanda zafinsu kan haura digiri 400 na ɗan lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Daga nan wuta ke somawa, in ta samu hali ta bazu.

Hanyoyin samuwar wannan ɗigon zafi sanannu ne. Idan akwai ɗan kumfan iska a maƙale cikin ƙwaya ko tsakanin ƙwayoyi, bugu yakan matse shi farat ɗaya ya yi zafi, kamar yadda bakin famfon keke ke ɗumi in ana bugawa da sauri. Ƙwayoyi kuma kan goga da junansu, ko su tsage su zame. Mafi sharri shi ne tsakuwa. Bowden da abokan aikinsa sun riƙa barbaɗa ƙwayoyin abubuwa daban-daban cikin abin fashewa suna bugawa, suka ga cewa waɗanda ke narkewa a ƙaramin zafi ba sa yin illa, domin da sun narke gugar ta ƙare, amma masu jure zafi irin su gilashi da yashi na mayar da abu mai haƙuri ya zama mafaɗaci. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shi ya sa ake share ɗakin wannan aiki fiye da ɗakin tiyata.

A nan ne batun ƙananan ƙwayoyi ya rikice, ya kuma yi daɗin nazari. Bisa misalin ƙirare, mai karatu zai yi tsammanin duk lallausan abin fashewa ya fi ɓarzajje haɗari. Amma gwaje-gwaje da dama a kan sinadarai irin su RDX da HMX sun nuna akasin haka game da bugu: ƙwayar da ta kai ƙanƙantar nanomita ba ta da wurin ɓoye babban kumfa ko doguwar tsaga, ɗigon zafin da ke samuwa cikinta ƙarami ne, kuma yakan huce kafin ya kunna maƙwabtansa. Da haka niƙa na iya sa abu ya ƙara haƙuri. Matsalar ita ce wannan haƙuri na da iyaka. Idan girgizar ta yi ƙarfi sosai har wuta ta soma a wurare da yawa, yawan fuskokin lallausan garin na sa ta bazu da sauri fiye da yadda za ta yi a cikin ɓarzajje. Kuma abin da ya yi haƙuri da guduma na iya zama marar haƙuri da tartsatsi. Babu wata doka guda da ta game dukkan sinadarai, don haka babu makawa sai an gwada kowane gari a kan kowace irin tsokana.

Guduma da tangaran

Na'urar da ta fi shahara wajen gwajin bugu ta fito ne daga hukumar gwajin kayayyaki ta tarayyar Jamus da ke Barlin, wadda aka sani da BAM. Fasalinta mai sauƙi ne. Ana ɗibar garin da bai wuce milimita 40 na cikin mazubi ba, wato kamar 'yan ƙwayoyin shinkafa biyu, a sa shi tsakanin wasu gajerun sandunan ƙarfe biyu, sannan a saki guduma mai nauyin kilo 1, ko 5, ko 10 daga wani tsayi da aka auna. Mai gwajin na bayan kariya, yana sauraren ƙara, yana duban walƙiya ko hayaƙi. Ana lissafa ƙarfin bugun da ma'aunin jul: kilo 1 da ya faɗo daga santimita 10 ya ba da kusan jul 1. Ana yin gwaji shida a kowane mataki, kuma mafi ƙanƙantar ƙarfin da ya tayar da garin ko da sau ɗaya cikin shidan shi ake rubutawa.

A wannan ma'auni TNT na tashi a kusan jul 15, RDX a kusan jul 7 da rabi, PETN a kusan jul 3, naitirogilisarin kuwa a kashi ɗaya cikin biyar na jul kawai. Kundin gwaje-gwaje na Majalisar Ɗinkin Duniya game da jigilar kaya masu haɗari ya yanke cewa abin da ya tashi a jul 2 ko ƙasa da haka ya yi haɗarin da ba za a ɗora shi a mota ko jirgi ba a yanayin da aka gwada shi.

Mai lura zai tambaya, don me sau shida? Domin abin fashewa ba ya amsa tsokana iri ɗaya kullum. Guduma ɗaya daga tsayi ɗaya na iya tayar da ɗiba ta farko ta bar ta biyu, tun da yadda ƙwayoyin suka kwanta da inda kumfa ya faɗa duk sa'a ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a ɗakin binciken abubuwan fashewa na Bruceton kusa da birnin Fitsbag a Amurka, aka yi amfani da wata dabara ta hawa da sauka: in garin ya tashi a rage tsayin guduma da mataki ɗaya, in bai tashi ba a ƙara mataki ɗaya, a yi ta haka har sau 25 ko 30. Masana lissafi W. J. Dixon da A. M. Mood sun bayyana ƙa'idarta a 1948. Sakamakonta shi ne tsayin da rabin gwaje-gwajen ke tashi. Wannan lamba na da amfani wajen kwatanta wani gari da wani, amma kuskure ne babba a ɗauke ta a matsayin iyakar tsaro. Ma'aikacin da zai taɓa garin sau dubbai a shekara ba ruwansa da inda rabi ke tashi. Damuwarsa ita ce inda ɗaya cikin miliyan ke tashi, kuma gwaji talatin ba zai iya nuna masa wannan ba.

Gwajin guga na kwaikwayon abin da ke faruwa idan gari ya maƙale a bakin murfi ana murɗawa, ko aka ja akwati a kan wanda ya zube a ƙasa. Ana shimfiɗa ɗan garin a kan faifan tangaran mai kaushi, a danna shi da wani turken tangaran, sannan inji ya ja faifan gaba da baya tsawon santimita 1. Nauyin dannawar na iya kaiwa niyuton 360, wato kamar an ɗora kilo 36. TNT ba ya motsi har ƙarshen ma'aunin. RDX na tashi a kusan niyuton 120, PETN a kusan 60. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ita ce niyuton 80, shi ya sa ba a jigilar busasshen PETN. Sai an jiƙa shi da ruwan da bai gaza kashi 25 cikin ɗari na nauyinsa ba, ko an lulluɓe ƙwayoyinsa da wani abu mai kwantar da su.

Lallausan gari na wahalar da waɗannan na'urori, domin an ƙera su ne da ƙwayoyi masu girman gishiri ko sukari a zuci. Ƙwayoyin nanomita na iya shigewa cikin ramukan kaushin tangaran su ɓuya, turke ya wuce ta kansu bai goge su ba, a rubuta cewa garin na da haƙuri alhali ba a taɓa shi ba. Sukan kuma manne da juna su zama dunƙule-dunƙule, ta yadda abin da guduma ta buga ba shi ne abin da madubin ƙara girma ya nuna ba. Kuma saboda rashin nauyinsu, cikin cokalin awo ɗaya na lallausan gari bai kai nauyin na ɓarzajje ba. Waɗannan na daga cikin dalilan da ke sa ɗakunan gwaji biyu su auna gari ɗaya su samu lambobi mabambanta. Masu bincike na ƙwarai sukan gwada wani sanannen sinadari tare da sabon a rana ɗaya, a na'ura ɗaya, domin a samu abin kwatance.

Tartsatsin da ba a ji

Duk wanda ya taɓa cire rigar leda cikin duhu a lokacin hunturu ya ji ƙas-ƙas, ya ga 'yar walƙiya. Wannan lantarki ne da guga ke tarawa a jiki, kuma bushewar iska ke hana shi tsiyayewa. A Kano ko Damagaram laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, yanayin da duk mai ajiye albarushi ko nakiyar fasa dutse ya kamata ya yi hattara da shi.

Jikin mutum na iya tara lantarki mai ƙarfin bolt 10,000, ya saki tartsatsin da ya kai kimanin kashi 10 cikin dubu na jul. Mutum ba ya ma jin tartsatsin sai ya kai wajen bolt 3,000. To, akwai gauraye-gaurayen lallausan ƙarfe na zamani, masu ƙwayoyin nanomita, da ke tashi da tartsatsin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na jul ba, wasu ma ƙasa da haka nesa. Ma'ana, tartsatsin da mai aikin bai ji ba, bai gani ba, ya isa. A wannan fage ƙanƙanta kusan kullum ƙara haɗari take yi, domin ƙaramar ƙwaya ba ta bukatar zafi mai yawa kafin ta kai ga kamawa.

Na'urar gwajin na tara sanannen adadin lantarki, ta sake shi ta bakin allura zuwa cikin ɗan garin, ana rage ƙarfin har a kai inda ba ya tashi cikin gwaje-gwaje da yawa a jere. Sakamakon ne ke tsara yadda ɗakin aiki zai kasance: daɓe da takalma masu tsiyayar da lantarki zuwa ƙasa, tufafin auduga zalla, igiyar ƙarfe a wuyan hannu, na'urar ƙara laima, da ajiye garin a jiƙe cikin ruwa har sai lokacin da ake bukatarsa. Sabon sinadari kuma da 'yan miligiram ake fara shi. Ba a ƙara yawa sai an ga sakamakon bugu da guga da tartsatsi.

Zafi da tsufa

Gwajin zafi iri-iri ne. Akwai wanda ake ɗora miligiram ɗaya ko biyu a cikin na'ura ana ƙara zafi sannu a hankali, domin a ga inda garin zai soma fitar da nasa zafin. Akwai na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake ajiye shi a digiri 75 har tsawon awa 48 a ga ko zai kama ko zai ɗumama kansa. Akwai kuma wanda ake ɗura shi cikin bututun ƙarfe mai 'yar kafa a baki, a kewaye shi da harsunan wuta huɗu, a ga ko bututun zai tarwatse. Duk da haka, ƙaramin gwaji ba ya faɗin halin babban tsibi, domin tsibi na riƙe zafi a cikinsa. Amoniyam naitiret na cin jarrabawar guduma da ta tangaran cikin sauƙi, amma shi ne aka jibge tan 2,750 nasa a tashar jiragen ruwa ta Bairut tun 2014, gobara ta kai gare shi ranar 4 ga Agusta, 2020, mutane fiye da 200 suka mutu.

Lallausan gari kuma ba ya zama yadda aka haife shi. Ƙananan ƙwayoyi na da halin haɗewa su girma idan sun samu ɗumi ko laima, lallausan alminiyam na ci gaba da tsatsa daga waje har ƙarfen da ke ciki ya ragu, tsaga da ramuka kuma na iya buɗewa inda da babu su. Saboda haka ake tsufar da gari da gangan cikin tanda na makonni ko watanni, a sake mayar da shi ƙarƙashin guduma.

Jakar iska ta mota, wadda ke kumbura cikin kimanin kashi 30 cikin dubu na daƙiƙa idan an yi karo, da 'yan ƙwayoyin sinadari masu ƙonewa da sauri take aiki. Kamfanin Takata na ƙasar Japan ya yi amfani da amoniyam naitiret a cikin nasa, kuma sababbin sun yi aiki daidai a gwaji. Amma bayan shekaru na zafin rana da sanyin dare, musamman a wurare masu laima, ƙwayoyin sun riƙa samun ramuka, fuskokin da wuta za ta ci suka ƙaru, har ta riƙa ci da saurin da ke fasa gwangwanin ƙarfen ya watsa gutsattsarinsa a fuskar direba. An janye kimanin miliyan 67 na waɗannan na'urori a Amurka kaɗai, inda mutane fiye da 20 suka mutu ta dalilinsu, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Motoci da yawa na waɗancan shekaru sun tsallaka teku a matsayin na hannu zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma da lambar jikin mota ake bincika ko an sauya mata wannan na'ura ko ba a sauya ba.